Dauɗar Haƙoran Roba da Lafiyar Baki

Haƙorin roba ba ya ruɓewa, ba ya kuma ciwo, shi ya sa masu sanya shi da dama ke zaton ya fi ƙarfin dauɗa. Wannan zato kuskure ne. Da zarar ya shiga baki, miyau kan shafa masa wani siririn danƙo, ƙwayoyin cuta su manne a kai, su hayayyafa, har su zama farar dauɗa wadda kurkurar baki ba ta cirewa. Irinta ce Antoni van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya kankaro daga haƙoransa a 1683, ya duba ta a madubin ƙara girman abu, ya ga ƙananan halittu suna motsi a ciki.

Inda matsalar ta fi tsanani shi ne ɓangaren robar da ke kwanciya a kan dasashi da ganɗa. Wurin akwai ɗumi da danshi, miyau kuma ba ya ratsawa sosai balle ya wanke shi. A nan wani nau'in yis mai suna Kandida ke samun mazauni, sai fatar ta yi ja, ta kumbura. Sau da yawa ba ta zafi, don haka dattijo kan daɗe da cutar bai sani ba, musamman mai ciwon sukari. Idan da sauran haƙoran asali a bakin, dauɗar takan ruɓar da su.

Abin bai tsaya a baki kaɗai ba. Wani bincike da aka wallafa a 2015 a kan tsofaffin ƙasar Japan masu shekaru 85 zuwa sama ya nuna cewa kwana da haƙoran roba na ninka haɗarin ciwon huhu fiye da sau biyu, domin ƙwayoyin cutar kan bi numfashi su gangara ƙirji.

A gari irin Dole Kaina, inda ganin likitan haƙori sai an yi tafiya, rigakafin yana hannun iyali, har da ɗalibin da ke zaune da kakansa. Jan goro da dattijo ke gani a kan robar kan sa ya dirje ta da toka ko gawayi. Waɗannan suna karce ta, kowane karce kuma maɓoya ce ga ƙwayoyin cuta. Tafasasshen ruwa shi kuma lanƙwasa ta yake yi.

Abin da ya dace shi ne a wanke ta kullum da buroshi mai laushi da sabulu, ciki da waje, a goge dasashin, sannan ta kwana cikin ruwa mai tsabta. Ruwan kogi sai an tafasa ya huce tukuna.