Abin da Ke Bayan Tamowa: Tushen Lafiyar Al'umma ga Ɗaliban Jinya

Ilimin lafiyar al'umma fanni ne da ke nazarin yadda cuta ke shiga cikin jama'a, da yadda take bazuwa, da hanyoyin tare ta tun ba ta kwantar da kowa ba, kuma ya bambanta da jinyar gefen gado ta fuskar cewa majinyacinsa unguwa ce guda, ko gari, ko ƙasa baki ɗaya. Ɗalibin aikin jinya yakan gamu da wannan darasi tun farkon karatunsa, ya haddace cewa Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fara aiki a 1948, ta ɗauki lafiya a matsayin walwalar jiki da ta hankali da ta zaman tare, wadda ta wuce rashin ciwo kawai, sannan ya jingine shi bayan jarrabawa, domin hankalinsa ya fi karkata ga allura da ƙarin ruwa da wankin rauni, inda ake ganin gwanintar nas. Jingine shi asara ce babba, kuma ba a cika samun inda asarar ke fitowa fili kamar wajen kula da yara masu tamowa ba.

Ƙofar Marusa ɗaya ce daga tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Katsina, kuma a unguwar da ke ɗauke da sunanta ne ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF, wadda ta soma aikin tamowa a jihar a 2021, ta gudanar da ɗaya daga cikin cibiyoyinta na sha-ka-tafi, inda uwa ke kawo yaro a auna shi, a ba shi abinci mai magani, ta koma gida da shi, waɗanda jikinsu ya yi tsanani kuwa a tura su inda ake kwantarwa, kamar cibiyar Ƙofar Sauri. A watan Yulin 2025 ƙungiyar ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin watanni shida na farkon shekarar, kuma ta kula da kusan yara 70,000 masu tamowa a wannan tsakani. Tamowa mai tsanani, a ma'aunin masu aiki, ita ce idan kaurin damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 ya gaza santimita 11.5, wato zaren awo ya faɗa kan ja, ko kuwa ƙafafunsa biyu suka kumbura har yatsa ya bar gurbi idan an danna. Abincin da ake bayarwa haɗi ne na gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki, ba ya bukatar dafawa ko haɗawa da ruwa, kuma a maƙwabciya Maraɗi ne aka gwada shi a kan dubban yara lokacin yunwar 2005, aka tabbatar cewa yawancin masu tamowa za su warke a gaban iyayensu ba tare da an ba su gado ba.

Maganin yana aiki, kuma duk wanda ya ga yaron da aka kawo ba ya iya ɗaga kai ya dawo bayan makonni yana rarrafe ya san darajarsa. Sai dai ma'aikatan da suka daɗe a irin wannan cibiya sun san wani abu kuma, wato yaron da aka sallama da damtse a kan kore yakan sake bayyana a layi bayan 'yan watanni, ko a kawo ƙaninsa, domin gidan da ya koma bai sauya ba. Abubuwan da ke cikin gidan da kewayensa su ne masana ke kira musabbaban lafiya, ma'ana yanayin da aka haifi mutum a ciki, ya girma, ya yi sana'a, ya tsufa, tun daga halittarsa da shekarunsa, zuwa ɗabi'un iyalinsa, zuwa ruwa da abinci da muhalli da ilimi, har zuwa tsaro da tattalin arzikin ƙasa. Taron Alma-Ata na 1978 ya sanya abinci da ruwa mai tsabta a cikin ginshiƙan kiwon lafiya a matakin farko, kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya da Michael Marmot ya shugabanta kuma ya fitar da rahoto a 2008 da ya nuna cewa ratar lafiya tsakanin masu hali da marasa hali ta samo asali ne daga yadda aka tsara zaman jama'a, don haka ana iya rage ta.

Abinci ne musabbabi na farko, kuma yana tafiya da kalandar noma. Daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, farashin tiya ya hau, kuma a daidai wannan lokaci ne layin cibiyoyin tamowa ke tsawo kowace shekara. A kan wannan tsohuwar matsala aka ɗora sababbi: hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomi irin su Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari sun raba manoma da gonakinsu da dabbobinsu, sun turo iyalai cikin birni suna raɓe a gidajen dangi da kangaye, cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ninka kuɗin mota da na masarufi, rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 kuma ya daƙile cinikin da garuruwan bakin iyaka ke rayuwa a kansa. Uwar da aka shawarta ta riƙa ba yaro ƙwai da kifi, alhali gidan sau ɗaya ake ɗora tukunya a wuni, ba ta ƙaru da komai ba sai kunya. Shawarar da ke amfani ita ce wadda aka gina a kan abin da hannunta zai kai, kamar zuba garin ƙuliƙuli ko waken suya a kunu, da sanya zogale da ɗan manja a abincin yaro, da ware masa kwanonsa don kada manyan yayye su cinye kafin ya kai loma uku.

Ruwa ne ke biye. Birnin Katsina ya dogara da madatsar Ajiwa, amma gidaje da yawa daga hannun 'yan garuwa ko rijiyar burtsatse suke saye, kuma ruwan da ya fito da tsabta yana iya gurɓata a jarka, ko a randar da kowa ke tsoma moɗa a ciki. Inda masai ya yi kusa da rijiya, ko kwata ta toshe da leda ruwan sama ya kwanta a lungu, gudawa ba ta yankewa. Tsakanin gudawa da tamowa akwai zagaye da ya kamata kowane ɗalibi ya fahimta sosai: gudawa tana zubar da abin da yaro ya ci, tana kashe masa sha'awar abinci, ramar da ta biyo baya tana raunana garkuwar jikinsa, raunin garkuwa kuma yana buɗe ƙofa ga wata gudawar. Ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14 suna ceton rai, amma yanke zagayen yana wurin randa da sabulu da masai. Tarihin fannin ma daga ruwa ya ɗauki babban darasinsa, domin a 1854 likita John Snow ya bi gidajen waɗanda kwalara ta kashe a wata unguwar Landan, ya gano famfo ɗaya suke sha, tun kafin a tabbatar da ƙwayar cutar.

Ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro su ne sauran manyan masu tura yara cikin tamowa, kuma dukansu akwai rigakafinsu. Allurar ƙyanda ana yin ta a wata 9 a maimaita a wata 15, bayan allurar haɗaka mai kare cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo, da ake yi a mako 6 da 10 da 14. Jihar Katsina tana cikin wuraren da aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina a Najeriya a 2013, wanda ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 sau ɗaya a wata. Duba katin rigakafin kowane yaro da aka kawo, ko da ƙuna ce ta kawo shi, aiki ne na minti guda da ake yawan tsallakewa. Sai dai allura ba ta shiga hannu sai da yarda, kuma Arewa ta ga haka lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, ta kuma ga yadda shigowar sarakuna da malamai da masu unguwanni ya juya lamarin, har aka ayyana Afirka ta rabu da cutar ta asali a watan Agustan 2020.

Daga nan sai cikin gida, inda aikin ya fi laushi kuma ya fi bukatar hankali. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin yara 6 cikin 10 'yan ƙasa da shekara biyar a jihar Katsina sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne cikin 100, kuma tsumburewa tana kafuwa ne a kwanaki 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. A wannan tsakani ne ake matse dakashi a zubar, wato nonon farko mai kauri wanda shi ne rigakafin jariri na fari, ake ɗura wa jinjiri ruwa don tausayin zafin rana alhali nono zalla ya ishe shi har wata shida, ake kai shi wurin wanzami a cire beli, ake yaye shi farat ɗaya idan kwanika ta shiga. Mai jego, musamman 'yar shekara goma sha wani abu da ba ta yi nisa a makaranta ba, sau da yawa ba ita ke yanke waɗannan hukunce-hukunce ba. Uwar miji ce ke faɗin abin da za a ba jariri, maigida ne ke ba da izinin fita da kuɗin mota, kuma kafin a iso asibiti an biya ta kemis da mai magani. Saboda haka nas ɗin da ta tsare yarinya da faɗa a gaban jama'a ta hukunta wanda ba shi da iko, kuma ta tabbatar ba za a dawo ba sai abu ya ɓaci. Wadda ta juya ga tsohuwar da ta yi rakiya, ta gaishe ta da Inna ko Hajiya, ta roƙe ta da ta tsaya a kan jikan nan nata, ta kuma aika wa maigida saƙo cikin girmamawa, ita ce ta taɓa inda hukunci yake. Haka nan idan aka lura ana raba abincin maganin tsakanin yaran gida, ko yana bayyana a kasuwa, abin da ya kamata a fara tambaya shi ne me sauran mutanen gidan suka ci jiya, har da ita uwar da ke shayarwa.

Masana sun kasa rigakafi mataki uku: na farko hana cuta faruwa, kamar allura da gidan sauro da shayarwa, na biyu gano ta da wuri, kamar koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da kansu, na uku rage ɓarnarta bayan ta kama, wanda shi ne yawancin abin da ake yi a gadon asibiti. Wanda ya tsaya a mataki na uku kaɗai yana kama da mai kwarfe ruwa daga ɗakin da rufinsa ke yoyo. Kayan aikin da ke ɗaga nas zuwa matakai biyun farko kuwa yana gabanta kullum, wato rajistar da take cikewa. Daga rajista ake fitar da adadin sababbin kamuwa a wani lokaci, da adadin duk masu ɗauke da cuta a rana guda, kuma waɗannan ma'aunai biyu su ne harsashin ilimin bazuwar cututtuka. Gurbin adireshi da ake rubuta wa “Katsina” a wuce ya fi kowane gurbi daraja, domin yara biyar masu amai da gudawa daga lungu ɗaya cikin kwana uku annoba ce ke sallama, kuma wajibi ne a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar. Gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 an gano ta ne saboda ma'aikata sun lura yara na mutuwa da jijjiga a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maganin zazzaɓi bai yi musu aiki ba, sai aka bi sawu har aka iske dutsen zinare ake niƙawa a tsakar gida.

Gaskiya ne cewa tsaro da farashin hatsi da gyaran famfo sun fi ƙarfin ma'aikaciyar jinya. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kuma cika waɗannan haƙƙi ne a wuyan masu mulki, musamman ganin tallafin ƙasashen waje yana ja da baya. Amma hujjar da za a tunkare su da ita daga alƙaluman cibiyoyi take fitowa, kwamitin ci gaban mazaɓa da mai unguwa da duba-gari kuma ba za su motsa a kan rijiyar da ta gurɓata ba sai wani ya gaya musu wace ce. Don haka kafin a sallami yaro daga shirin tamowa, ya kamata takardarsa ta nuna unguwarsu da lungunsu, da inda suke samun ruwa, da allurar da ta rage masa da ranar yin ta, da ko uwarsa na da ciki kuma ta fara awo, da ko an auna damtsen sauran yaran gidan, sannan a haɗa iyalin da ma'aikacin lafiyar unguwa da zai leƙa su kafin damina ta gaba ta kama.