Yadda Za A Tsara Littafin Ajiye Karatu

Ya 'yan'uwana ɗalibai, karatun da aka rubuta aka rasa inda ya ke, ran jarrabawa daidai ya ke da wanda ba a yi ba. Malaman zaure na Babban Mutum, a ƙasar Daura, sun gaji wata dabara. Littattafansu na hannu ba ɗinkakku ba ne, amma a gindin takarda a kan rubuta kalmar farko ta mai bi mata. Ko iska ta watsa su, sai kowace ta koma mazauninta.

Mu yi koyi da su, tun ran gini ran zane. Ran da ka sami sabon littafin rubutu, sa wa shafuffukansa lamba, ka bar biyun farko don jerin abin da ke ciki, sauran ka kasa uku.

Kashi na farko na labari ne. Rubuta sunan littafi da mawallafi da shekara, misali Ruwan Bagaja, Abubakar Imam, 1934. Sa'an nan jera wuraren da Alhaji Imam ya gamu da Malam Zurƙe, da wanda ya cuci wani. In Magana Jari Ce ne, rubuta mai ba da kowane labari da wanda a ke ba, gama labari ne cikin labari.

Na biyu na baƙin kalmomi da karin magana, kowanne da shafin da ka tsince shi. Na uku na ra'ayinka, da tambayoyin da za ka kai wa malam.

Kada ka kwafe maganar mawallafi. Abin da ka kasa taƙaitawa da kanka, ba ka gane shi ba tukuna, balle ka koya wa yara gobe.