Tambaya da Amsa: Me Zan Zuba a Jakar Ko-ta-Kwana?

Tambaya: Ni matar aure ce a Haɗeja, 'ya'yana biyar, kuma mahaifiyar maigidana tana tare da mu, tana fama da hawan jini. A daminar 2022 ruwa ya shigo mana cikin dare, muka fita daga mu sai kayan jikinmu, muka yi kwanaki a wata makarantar firamare. Tun daga lokacin, da hadari ya haɗo sai gabana ya faɗi. Ina so in haɗa kayan da za mu ɗauka idan abin ya sake faruwa, amma maigidan ya ce wannan kiran masifa ne. Me ya kamata in tanada, ga kuma halin babu da ake ciki?

Amsa: Allah Ya kiyaye gaba, Ya ba Hajiya, surukarki, lafiya.

Bari in fara da maganar maigida, tunda in bai yarda ba jakar ba za ta zauna lafiya a ɗakin ba. Ki tambaye shi cikin ladabi: da kakansa ya gina rumbu, yunwa yake kira? Tanadi ba ya rage tawakkali. Kuma abin da ya same ku ba ku kaɗai ba ne. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta fashe a watan Satumba na 2024, cikin dare ruwa ya ci Maiduguri, haka kuma a Mokwa a ƙarshen Mayun 2025, mutane da yawa ba su ko tashi daga barci ba. Shi ya sa nake auna kowane kaya da tambaya ɗaya: za ki iya sunkutarsa a cikin duhu, da goyo a bayanki, cikin minti biyar?

Takardu ne farko. Buhun shinkafa in ya jiƙe ana samun wani, amma na taɓa ganin wata baiwar Allah tana shanya takardar filin marigayi mijinta a kan tabarma, tawadar ta narke, hatimin ya zama wani tabo shuɗi, tana ɗaga ta da yatsu biyu tana yagewa. Wannan takardar ce kaɗai abin da marayunta suka mallaka. Don haka ki tattara takardar gida ko gona, katin ɗan ƙasa, takardun haihuwa, na makaranta, katin asibitin Hajiya da katin rigakafin yara. Ki sa su a leda mai kauri, ki ƙulle, ki sake sa wa a wata ledar. Ki ɗauki hoton kowacce da waya ki tura wa ɗan'uwa amintacce da ke wani gari. A cikin ledar ki saka takarda ɗauke da lambobin 'yan'uwa da aka rubuta da biro, domin yanzu mafi yawanmu ba mu haddace lambar kowa ba, waya na mutuwa shi ke nan. Ki haɗa da 112, lambar neman agajin gaggawa.

Sai maganin Hajiya. A wurin gudun hijira za a iya raba tabarma da abinci, amma da wuya a zo da ainihin ƙwayar da likita ya ɗora ta a kai, kuma maganin hawan jini ba a yanke shi kwatsam. Ki ware na mako guda aƙalla, ki rubuta sunansa da yadda ake sha. Duk wata in an sayo sabo, ki sa shi a jaka, ki fito da tsohon a sha. Haka ma in akwai mai asma, sikila ko ciwon suga a gidan. Ki ƙara farasitamol, bandeji, auduga, aidin da ƙaramin almakashi.

Maganar ruwan sha kuwa, a nan nake so ki fi natsuwa. Bayan ambaliya rijiya da masai sukan zama abu ɗaya, daga nan amai da gudawa ke shigowa, kuma yara yake fara kayarwa. Ku takwas ne. In kowa zai sha lita uku a rana, kwana uku ya kama lita 72, wato jarka uku masu cin lita 25. Waɗannan ba na gudu ba ne, na zama ne, idan ruwa ya datse hanya kuna cikin gida. Ki cika su, ki rufe da kyau, ki ɗora a wuri mai tudu, ki riƙa amfani da su kina sake cikawa. A jaka kuwa, ki sa fiya wata kaɗan da ƙwayar tace ruwa irin su Aquatabs, ki bi ƙa'idar da ke jikin takardarta. In babu, a tafasa ruwan ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Ki nemi ORS da zinc a kemis, ba su da tsada. In sun ƙare, ga haɗin gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a yi wa gishirin hannu sake, yawansa illa ne ga yaro.

Abinci ba sai na gwangwani ba. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, dabino, soyayyiyar gyaɗa, madarar gari, duk ba sa neman wuta.

Ragowar ba su da yawa: tocila da batir na ajiya, ashana a leda, ƙaramin rediyo don jin sanarwar hukuma, cajar waya, sabulu, audugar mata, gidan sauro, igiya mai ƙarfi, kaya kala ɗaya ga kowane yaro, da zannuwa biyu ko uku, tunda zani shimfiɗa ne, mayafi ne, labule ne. Kuɗi kuma tsaba, ƙananan takardu. Wanda ya ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 ya san cewa kuɗin banki ba ya sayen komai ranar da na'urar POS ta ƙi aiki. Ko ɗari biyar-biyar ce, ki riƙa cusawa duk ranar kasuwa.

Kin ambaci halin babu, kuma ban raina wannan ba. Amma rabin abin da na lissafa yana gidanki yanzu, a warwatse yake kawai. Ki fara da takardu yau, tunda leda ce kawai kuɗinsu, sauran su biyo baya da kaɗan-kaɗan kafin Agusta. Ni na fi son bokitin fenti mai murfi a kan jakar Ghana-mas-go: ruwa ba ya shigarsa, ɓera ba ya huda shi, ana ɗora shi a ka, in an isa kuma ya zama abin ɗiban ruwa da wurin zaman Hajiya. Ki rataye shi kusa da ƙofa, ba ƙarƙashin gado ba, kuma kowa ya san ba na taɓawa ba ne.

Wata rana bayan sallar isha'i, ku zauna da maigida da manyan yaran ku raba aiki: wa zai kashe wutar lantarki, wa zai riƙe hannun Hajiya, wa zai ɗauki bokiti, a ina za a haɗu in an rabu. Ku gaya wa yaran cewa ruwa mai gudu, ko bai kai gwiwa ba, yana kayar da babba. Ƙananan kuma ki koya musu cikakken sunan mahaifinsu da na unguwarku, har su iya faɗa ko cikin kuka.