Darasin Lafiya: Me Ke Faruwa Da Ruwan Rafi In Ya Daɗe A Randa?

A ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, gidaje da yawa da ruwan rafi suka dogara, kuma in an samu sai a cika randa da jarkoki, a yi kwanaki ana sha. Da ya kwanta ya yi garau sai uwargida ta ce ai shi ke nan. To, laka ce kawai ta sauka ƙasa.

Ruwan rafi, musamman na farkon damina, yana tahowa da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da takin zamani daga gonakin masara. Wasu sun narke a cikinsa kamar gishiri a miya, ko shekara ya yi ba za su kwanta ba. Ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su yi ta cin wannan datti suna ƙarar da iskar da ke cikin ruwan. Daga nan sai ki ji santsi a jikin randa, wani lokacin har da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, musamman a jarkar da aka toshe. Malamanmu na Malikiyya sun ce ruwan da ya jirkita saboda daɗewa kawai yana halatta a yi alwala da shi. Amma fa hukuncin tsarki ke nan, maganar sha daban. Ba mu manta amai da gudawa na 2021 a jihar Katsina ba.

Ga abin yi. Ki fara sa alif, wanda wasu ke ce wa alam, ki tsiyaye na sama, sannan ki sa WaterGuard gwargwadon yadda aka rubuta, ki jira minti 30. In kika zuba shi a gurɓataccen ruwa, dattin ne zai cinye ƙarfinsa. Wanda kika kwantar da garin 'ya'yan zogale kuwa kada ya wuce kwana ɗaya, don zogalen ma abinci ne ga ƙwayoyin.

Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da sinadarin taki, wanda ya fi illa ga jariri. Don haka ɗan ƙasa da wata 6, nono kawai.

Kada ki zuba sabo a kan tsoho. Ki juye, ki goge randar, moɗa kuma a rataye ta, kada yara su bar ta a ƙasa.