Shawarwari Ga Iyalin Da Za Su Gidan Tarihin Sukuwar Kentaki

A birnin Luwibil na jihar Kentaki a Amurka, jikin filin sukuwa na Churchill Downs, akwai gidan tarihi da aka buɗe a 1985 don gasar Kentucky Derby, wadda ake yi duk shekara tun 1875.

1. Ku kauce wa makon gasar. Asabar ta farko a watan Mayu ake sukuwar, garin kan cika maƙil, kuɗin masauki kuma ya yi tashin gwauron zabo. Mai tafe da yara ya zaɓi wani lokacin.

2. Ku yi sammako. Da sassafe ake fito da dawakai motsa jiki, kuma akwai zagayen da ke kai baƙi bakin shinge su gani. Sai a nan za ku ji fitar numfashin doki da dukan kofato a kan ƙasa, ga mahayi ya ɗage daga sirdi, likkafa a ɗame, ya duƙa har ƙirjinsa na neman taɓa geza. Wanda ya saba da hawan sallah, inda ake zama daram cikin lifidi da alkyabba, zai ga abin banbaraƙwai. Ku tanadi tikitin wannan zagaye tun daga gida ta intanet.

3. Ku fara da fim ɗin da ake haskawa a allon da ya zagaye ɗaki. Bai kai minti 20 ba. Ita kanta sukuwar wajen minti 2 ce kacal, tsawon kilomita 2, kuma dawakai 'yan shekara 3 kaɗai ke shiga. Har yau ba a karya tarihin doki Secretariat na 1973 ba, wanda ya gama ƙasa da minti 2.

4. Inda ya fi cancanta ku daɗe shi ne sashen mahaya baƙar fata. A gasar farko, 13 daga cikin mahaya 15 baƙaƙe ne, kuma ɗayansu, Oliver Lewis, shi ya ci a kan doki mai suna Aristides. Isaac Murphy ya lashe sau uku: 1884, 1890 da 1891. Jimmy Winkfield ya ci a 1901 da 1902, daga nan wariyar launin fata ta kore su daga sana'ar, shi kansa ya ƙaura Rasha neman hawa. Ku karanta wa yara wannan a natse, kar ku bari hulunan mata masu fukafukai da furanni su ɗauke musu hankali, ko da yake su ma abin kallo ne.

5. A kula da ci da sha. Shahararren abin shan wurin, mint julep, na'a-na'a da sukari da ƙanƙara ne cikin barasa. Abincin garin da ake kira Hot Brown kuma da naman alade ake ɗora shi. Ku tambaya kafin ku saya. Za ku ga bayanai kan caca ma, gara yara su ji hukuncinta daga bakinku.

6. A ƙofar shiga akwai gunkin doki Barbaro, gwarzon 2006, tokar gawarsa na binne a ƙarƙashi. In da sauran lokaci da yamma, Cibiyar Muhammad Ali tana tsakiyar gari, shi Ali ɗan garin ne.