Darasi: Koyon Aikin Birkila

Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962, aikin gini bai yanke ba daga can har Sabon Gari. Saboda haka samari da yawa suna marmarin zama birkila. Amma ku lura, 'yan'uwa, aikin yana da matakai.

1. Ɗan koyo yakan fara da ɗaukar bulo da kwaɓa siminti da yashi. Kada ya rena wannan, gama nan zai san kwaɓi mai kyau.

2. Sa'an nan ya koyi jera bulo bisa igiya. Kowane bulo ya hau kan mahaɗin biyu na ƙasa, domin bango ya ɗaure.

3. Ya koyi fid da kusurwa. A auna ƙafa 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan. In tsakaninsu ya yi ƙafa 5, ta daidaita.

4. Bayan an yaye shi, ya shiga gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, daga mataki na 3 zuwa na 1.

Iyaye, kada ku janye yaro daga hannun maigidansa don kuɗin yini. Bangon da gaggawa ta gina yakan faɗi da damina, mutane kuwa suna barci a gindinsa.