Amsoshin Tambayoyinku: Motar da Ke Kwana a Durƙushe

Wani direba daga garin Kabo yana tambaya: Range Rover ɗinsa tana wayar gari a durƙushe ta baya, shin kwamfutar gwaji za ta gano matsalar?

Malam, mun gode. Za ta taimaka. Ana jona kwamfutar a soket ɗin ƙarƙashin sitiyari, amma ƙaramar kwamfuta inji kawai take karantawa. Nemi babbar kwamfuta, mai duba sensar tsayi da injin hura iska, kuma batir ya kasance a cike.

Sai dai kwamfuta ba ta ganin huji. Fesa ruwan sabulu a jakar iskar da ke bayan taya. Inda kumfa ya tashi, nan iska ke zurarewa. Yi wannan tukuna, kafin ka nufi kasuwar Ƙofar Ruwa sayen kayan gyara.